Wasiƙa zuwa ga ɗana kafin ya kai iyalinsa Bayada

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Makka lafiya lau, sai godiyar Allah. Hajiyarku tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara.

Na saurari saƙon muryar da ka turo har sau biyu. Na ji daɗi ƙwarai da ka yi niyyar fita da iyalinka a babban jirgin ruwan nan na shaƙatawa da ke tashi daga Jidda. Uwar yaranka ta cancanci hutu, Allah ya yi maka albarka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗaya shirin: ku sauka Jidda daga Riyad da safe, ku zarce Abhur, bakin tekun da ke arewacin gari, ku ɗauki lanci, wato ƙaramin jirgin ruwa mai inji, zuwa Bayada, tudun yashin nan da ke cikin teku, yara su leƙa kifi da murjani, sannan ku dawo ku shiga babban jirgi da yamma. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka san ta ruwa na shigo ƙasar nan. Ina da shekara tara muka tashi daga Sawakin, tashar jirgin ruwa ta Sudan, bayan shekarun da kakanka ya yi yana aikin auduga a yankin Jazira yana tara guzirin hajji. Ni ban ji komai ba a jirgin, wasa ma nake ta yi. Kakarka kuwa tun kafin fitilun gari su ɓace ta fara amai, haka ta kwana, har ruwa ba ya zama a cikinta. Da muka iso Jidda sai da aka riƙe ta ta sauka. Mace ce da ta ratso Sudan ba ta taɓa cewa wash ba, amma har ta koma ga Allah ba ta sake yarda ta hau ruwa ba. Abin da nake gudar wa iyalinka ke nan. Kai ka gado ni, teku ba ta juya maka ciki, saboda haka ba za ka iya auna tafiyar nan da jikinka ba. Ka auna ta da uwar yara, wadda ko hawan dutsen Hada a mota zuwa Ɗa'if yana sa ta jiri, da kuma jikata ’yar shekara shida. Yara daga shekara 2 zuwa 12 su ne suka fi kamuwa da wannan jiri.

Fara da ranar. Kada ka haɗa Bayada da ranar shiga jirgi. Tashar jiragen ruwa tana kudancin Jidda, Abhur tana can arewa, kuma ka san yadda titunan garin suke cikewa bayan la'asar. Ana rufe shiga tun kafin lokacin tashi, ka duba takardarku za ka ga sa'ar a rubuce, kuma jirgi mai ɗauke da dubban mutane ba ya jiran wanda injin lancinsa ya tsaya a teku. Haka ma a duk tashar da zai yada zango: in fitar da kamfanin jirgin ya shirya ce aka makara, alhakin yana kansu, in kuwa kai ka nemi mai kwalekwalenka, kai da agogonka. Shawarata ku bar Bayada sai washegarin ranar da kuka sauko. Jiki yakan saba da motsin ruwa bayan kwana biyu ko uku, ga shi kun huta, ga shi kuma ka riga ka ga wanda teku ke damu a cikinku. Sai dai kada lafiyar da kuka samu a babban jirgi ta ruɗe ka. Shi yana da nauyi, yana kuma da wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke rage masa tangaɗi. Lanci ba shi da ko ɗaya, kowace igiyar ruwa sai ta ɗaga shi ta ajiye.

Ku fita da sassafe. Iskar wannan yanki na Bahar Maliya galibi daga arewa take kaɗawa, kuma takan yi ƙarfi bayan azahar. Da safe ruwa yana kwance. Ka kira mai lanci tun daren jajibiri ka tambaye shi halin iska, kuma in ya ce a ɗage, a ɗage, ko da ka ba da kafin alƙalami. Ka nemi mai lasisi, mai rigunan ceto da suka yi daidai da yara, mai rumfa. Rumfar nan ba ado ba ce, domin abin da ake kira tsibirin Bayada tudun yashi ne da murjani a cikin ruwa marar zurfi, babu bishiyar da za a fake. In da hali ka ɗauki lancin ku kaɗai. Ya fi tsada, amma uwar yara za ta sake, kuma kai ne mai cewa a juya. Ku riƙe iƙamarku, wato katin izinin zama, da ta yara, ka kuma ajiye lambar jami'an tsaron iyaka, 994, a wayarka.

Shi jirin teku ba tsoro ba ne, ba kuma raki ba ne, kada ka bari kowa ya yi wa yarinya dariya. A can cikin kunne akwai abin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki yana motsi. Idan kunne ya ce ana lilo, ido kuma yana kallon waya ko ƙasan jirgi yana cewa ana zaune, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, zuciya ta fara tashi. Maganin farko shi ne a sulhunta su. Ka zaunar da su a tsakiyar lanci, suna fuskantar gaba, idonsu a can inda sama ta haɗu da ruwa. Goshin jirgi ya fi ko'ina tsalle, baya kuma hayaƙin inji ne, wanda shi kaɗai ya isa ya tayar da zuciya. Waya ta zauna a jaka har ku isa, hoto ma ya jira. Kafin amai akwai alamu: yawan hamma, zufa mai sanyi, miyau ya cika baki, yaro mai surutu ya yi tsit. Da ka ga haka ka sa matuƙi ya rage gudu, ka shafa mata ruwan sanyi a fuska da wuya, ka bar iska ta buge ta. In ta fi son kwanciya ta rufe ido, wannan ma yana taimakawa.

Batun karin kumallo, na san ka da ma'asub, kwaɓin gurasa da ayaba, da kuma hanta in ka shigo Jidda. Ka haƙura sai kun dawo. Kada kuma ku fita da yunwa, don cikin da babu komai ya fi saurin juyawa. Gurasar tamis kaɗan, ayaba, dabino, shayi marar madara, ya wadatar. Hajiyarku za ta haɗa muku shayin citta a fulas, citta tana kwantar wa mutane da yawa da zuciya. Ku yi barci isasshe a daren, ku riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan.

Sai magani. Akwai ƙwayar da ake kira Dramamine, ana shan ta rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin a hau ruwa. Wanda ya jira sai amai ya fara ya makara. Aibinta tana sa barci, kuma mai gyangyaɗi bai kamata ya yi nisa a ruwa ba, don haka a gwada ta tun kuna gida a ga yadda take yi wa mutum. Akwai kuma filastar da ake mannawa a bayan kunne aƙalla sa'a huɗu kafin tafiya, tana aiki har kwana uku. Ta manya ce, ba a sa wa yara, ba ta dace da mai hawan ruwan ido ba, kuma a wanke hannu bayan an taɓa ta. Na yara kada ka yanke da ka, ka je saidaliyya, wato kantin magani, ka faɗi shekarunsu da nauyinsu. Uwarsu kuma tana shayarwa, ta tambayi likitarta kafin ta sha komai.

In kun isa aka jefa anga, a nan ne wasu ke fara jin jiki, domin lancin da ke tsaye ya fi lilo. Wanda zuciyarsa ke tashi gara ya sauka inda ƙafarsa ke taka yashi ya tsaya. Gilashin fuska da bututun numfashi na leƙa kifi kuwa, kada Bayada ta zama wurin koyonsu. Ku gwada a wurin wankan babban jirgi, yara su saba da numfashi ta baki, su koyi hure ruwan da ya shiga bututu. Ruwan Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a kowace lita. Yana ɗaga mutum sama da sauƙi, amma in yaro ya haɗiye shi sau biyu sau uku, amai ya zo. Kai ma ka rage gashin baki, ta nan ruwa ke shiga gilashi. Kowa ya sa rigar ceto, har kai, kuma kada ka saki hannun ƙaramar ko da ruwan iya ƙugu ne. Ku raba aiki: kowane yaro da babban da ke kallonsa, ba a ce kowa yana kallon kowa ba.

Ka saya wa uwar yara kayan wanka na mata masu rufe jiki gaba ɗaya. Abaya in ta jiƙa tana nauyi, tana naɗe ƙafa, haɗari ce. Ku sa takalman roba na ruwa. Kada a taɓa murjani, kada a taka shi. Halitta ce mai rai da ke ɗaukar shekaru kafin ta ƙaru kaɗan, wani yana yanka, wani yana ƙuna kamar wuta. Akwai bushiyar ruwa mai dogayen ƙayoyi a cikin ramuka, akwai kuma kifin da ke kwanciya kamar dutse, dafinsa yana kai mutum asibiti. Ka gaya wa yara kallo ne nasu, hannu a ƙirji. Rana ma kada ka ce mu baƙaƙe ne ba ta ƙona mu. Mai kallon kifi bayansa ne a sama, wuya da sharaɓa sukan soye bai sani ba. Riga mai dogon hannu da man kariya daga rana.

Sa'a biyu a wurin ta ishe ku. Ku juyo kafin azahar, tun yara suna cewa a ƙara. In kuwa tun a hanya uwarsu ta galabaita, ka ce a koma, kada ka tsaya lissafin kuɗin da ka biya, kada kuma ka nuna mata a fuska. Ita ba za ta faɗa ba, don kada ta ɓata wa yara rana. Kai za ka duba ka gani.

Jaririn ba shi da abin yi a lanci. Ka faɗa mini ranar da za ku sauko, ni da Hajiyarku mu biyo jirgin ƙasa na Haramain mu same ku a masauki, ta riƙe shi har ku dawo. In kun sa ƙafa a jirgi ka karanta wa yara addu'ar Annabi Nuhu, alaihis salam, su maimaita: Bismillahi majreha wa mursaha. Ka kira ni da zarar kun taka ƙasa.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Mahaifinka.