Zawon kare da hannun mai gadi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu gadi a Legas kan abin da da yawanmu ke jin nauyin faɗa, wato kula da karnukan masu gida. Daga Ikeja zuwa Magodo, Lekki da Ikoyi, gidaje da yawa haushin kare ne ke tarbar baƙo, kuma idan ka bincika, mai zuba wa karen abinci, mai kwashe kashinsa da asuba, ɗan Arewa ne da aka ɗauka tsaron ƙofa. Ni ma aikina ke nan a wani gida a Ikeja, iyalina kuma suna Agege.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake yi idan cikin kare ya ɓaci. Da an ga zawo sai a ruga kemis a sayo Flagyl ko kafso, a cusa cikin nama a jefa masa. Wani har da ibuprofen ko farasitamol, wai jikinsa ya yi zafi. Ibuprofen yana yi wa kare gyambon ciki ya taɓa ƙoda, farasitamol yana lalata hanta, Flagyl kuma idan ya yi yawa sai kare ya kama tangaɗi ya kasa tsayuwa. Alhali zawon da ya taso daga canjin abinci ko tonon shara yakan tsaya da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Likitan dabbobin da ke zuwa gidanmu ne ya wayar mini da kai. Ƙwayoyin bakteriya irin su Salmonella, Campylobacter, E. coli da Clostridium suna sa kare zawo da amai, wani lokacin da jini da majina. Amma akwai karen da ke ɗauke da su a hanji yana wasansa lafiya lau, shi ya sa ba a gane cutar da ido, sai an kai kashin an gwada. Ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ka yana kashe masu amfanin da ke cikin hanji, masu taurin kan kuma su saba da maganin.

Daga ina ƙwayoyin cutar suke shiga cikin kare? Mu da ke riƙe da kwanon mun fi kowa sani. A sayo ɗanyen kayan ciki da ƙafafun kaji da safe, a ƙulle a leda, su sha zafin danfo cikin cunkoso, a jefa a firji, a ɗauke wuta, su narke, wuta ta dawo su sake daskarewa, sannan a miƙa wa kare haka ɗanye wai don ya yi zafin rai. Ga kwanon da ya kwana da guntun teba da kan kifi, ƙudaje sun yi baƙi a bakinsa, ɓeraye sun bi ta kai da dare. Da damina kuma kwata ta cika ta malalo tsakar gida, kare ya lashe. Tafasa nama ya dahu har ciki da wanke kwano kullum sun fi kowane kafso. Ragowar miya ma a rage, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare.

Idan zawon mai sauƙi ne, kare na tafiya yana kaɗa wutsiya, a ajiye masa ruwa mai tsabta, a ba shi farar shinkafa da dafaffen naman kaza, ba mai ba yaji, kaɗan-kaɗan. Amma a riƙa ɗaga fatar bayan wuyansa a saki. Idan ba ta koma da sauri ba, dasashi ya bushe, ido ya faɗa, to ruwan jikinsa na ƙarewa. Wannan, ko jini a kashi, ko aman da ya ƙi tsayawa, ko zawon da ya haura kwana biyu, maganar likita ce, a kira oga ko madam nan take. Ɗan kwikwiyo kuwa ba a jira da shi ko kaɗan, don zawon jini mai ɗoyi a jikinsa kan zama parvo, wata muguwar cutar karnuka da ƙwayar bairos ke kawowa. Ita ba bakteriya ba ce, tana kisa cikin 'yan kwanaki, tana kuma daɗewa a ƙasa watanni. Rigakafinta ana fara shi ne ɗan kwikwiyo yana da mako 6 zuwa 8, a maimaita har ya kai mako 16.

Na san wani zai ce me ya haɗa Musulmi da jinyar kare. Malamanmu sun karantar da mu halascin kare don gadi, da labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Dabbar da aka ɗaure ta a hannunka amana ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa tamu lafiyar ce. Salmonella da Campylobacter suna kama mutum, sun kuma fi galabaitar da ƙananan yara, tsofaffi da masu ciki. Na sha ganin ɗan uwa ya kwashe kashin zawo da guntun kwali, ya ɗauraye hannu da ruwan buta kawai, ya zauna ya gutsiri burodi, ko ya koma gida ya ɗauki jaririnsa. Ruwa zalla ba ya isa, sai da sabulu, a cuɗa har ƙarƙashin farce. Inda kare ya yi zawo a wanke da ruwan bilic, takalmin aiki kuma kada ya shiga ɗakin kwana.

Ga masu gidaje, ina roƙonku ku tanadar wa mai gadi safar hannu, shebur, sabulu da bilic, ku bar masa lambar likitan dabbobi kafin ku yi tafiya. Sarakunan Hausawa na unguwanni da limamanmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 kuma su taimaka su isar da wannan ga waɗanda jarida ba ta kai wa gare su.

Naka,
Wani mai gadi,
Agege, Legas.