Wasiƙar Godiya ga Gidan Hoton da ke Kusa da Tashar Mota a Wudil

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Maigida, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali da yaran shago, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode muku bisa watanni takwas da kuka riƙe ni ina koyon sana'a, ba tare da kun taɓa nuna gajiya da yawan tambayata ba. Na zo muku daga wani ƙauye da ke tsakanin Wudil da Gaya ina ganin na iya hoto, tunda na daɗe ina ɗaukar 'yan biki da waya, ashe danna maɓalli kawai na sani.

Ba zan manta da wata Juma'a, ranar kasuwa, ba. Wani dattijo ya sayar da sansa a kara, ya shigo yana son hoton da zai aika wa ɗansa a Legas, ni kuwa na tsayar da shi a jikin labule ƙiƙam, kafaɗu a sandare, tamkar mai neman fasfon aikin Hajji. Ba ku tsawata mini a gabansa ba. Kujera kuka jawo masa, kuka shiga tambayarsa farashin shanu da yadda damina ta yi a wajensu, kuma cikin hirar kuka karkata kujerar kaɗan zuwa taga, kuka roƙe shi ya matso bakinta ya daina jingina. Kuka naɗa masa hannun babbar riga a kafaɗa har aikin aska ya fito, kuka ɗan tura hular baya domin kada inuwarta ta rufe ido. Sai da ya yi dariya a kan wani dillali, dariyar ta fara lafawa, sannan kuka ɗauka. Da aka wanke hoton, dattijon ya daɗe yana kallonsa kafin ya sa hannu a aljihu.

Daga ranar kuka fara ba ni ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya: jiki ya karkace kamar digiri 45 amma fuska ta dawo wajen kyamara, haɓa ta ɗan miƙo gaba ta sauka kaɗan, a saita kyamara yadda idon da ya fi kusa da ita zai fito tar, kuma a bai wa hannu abin yi, ko carbi ko sanda ko littafi, domin hannun da ba shi da aiki shi ne yake fara tona asirin mai jin kunya. Ku kuka fahimtar da ni dalilin da ya sa hanci yake girma idan aka matso da waya dab da fuska, da kuma yadda ja da baya tare da amfani da gilashin kyamara mai lamba 50 ko 85 yake mayar da kamanni daidai. Haka kuma farar shadda takan ruɗi ma'aunin hasken kyamara har fuska ta yi duhu, sai an ƙara haske ko an tara farin kwali daga ƙasa. Rana tsaka kuka ce in nemi inuwar darbejiya, ko in haƙura sai bayan la'asar.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne yadda kuke ɗaukar mata. Ban taɓa ganin kun kai hannu jikin mace ko mayafinta ba. Kukan tsaya nesa ku yi tsayuwar da kanku ta kwaikwaya, ko ku sa ƙawarta ta gyara mata, kuma idan amarya ce kukan ce ta ɗora hannu ɗaya a kan ɗaya domin lalle ya bayyana. A ganina wannan ladabin ne ya sa magidanta suke sakin jiki su turo iyalansu shagonku. Ga manya kuma kukan rage tsawo har kyamara ta zo daidai idonsu, domin kada hoto ya nuna yaro yana kallon babba daga sama.

Na gode da kuka nuna mini ayyukan Seydou Keïta, wanda ya buɗe gidan hotonsa a Bamako a 1948, yana aiki da hasken rana a tsakar gida, da zane mai ado a matsayin labule. Ganinsu ya cire mini tunanin cewa sai na tara fitilu masu tsada kafin in fara.

Yanzu na kafa labulena a zauren gidanmu, kuma a makon jiya na ɗauki ɗalibai goma sha biyu da suka yi saukar Alƙur'ani, na jera su tsayi daban-daban, malaminsu yana zaune a tsakiya. Bayan Sallah, in Allah Ya yarda, zan kawo muku hotunan ku duba, domin har yanzu ɗaukar mai rawani yana ba ni wahala, musamman idan amawali ya rufe haɓa. Allah Ya ƙara wa shago albarka, Ya saka muku da alheri.

Naku,
Yaronku na shago, daga ƙasar Gaya.