Wasiƙa zuwa ga ɗana kan ɓarakar da ya gano a shafin intanet

Daura, Jihar Katsina

Ɗana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, karatu kuma na tafiya daidai. Saƙonka ya iso. Ka ce ka canza lamba ɗaya a ƙarshen adireshin shafin da kake duba sakamakonka, sai ga sakamakon wani ɗalibi ya bayyana, da sunansa da lambar wayarsa. Ka kuma tambaye ni ko wanda ya tona irin wannan ɓaraka ya cancanci hukunci. Kafin komai, kada ka sake taɓa lambar nan.

Abin da ka gani tsohuwar cuta ce, masu sana'ar tsaron kwamfuta suna kiranta IDOR. Shafin ya tantance cewa kai ne ka shiga, amma bai duba ko takardar da ka nema taka ce ba. Gyaranta ba wuya, a sa sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta kwatanta mai asusu da mai takarda kafin ta miƙa komai. Laifin barin ƙofar a buɗe na wanda ya gina shafin ne. Laifinka kuwa yana farawa ne daga abin da ka yi bayan ka gane a buɗe take.

A 2010 wani Ba'amurke, Andrew Auernheimer, da abokinsa sun gano irin wannan kafa a shafin kamfanin waya na AT&T. Ba su tsaya a gani ba. Suka saki manhaja tana jujjuya lambobi har ta kwaso adireshin imel kusan 114,000 na masu iPad, sannan aka kai wa 'yan jarida. A 2013 aka yanke masa wata 41 a gidan yari. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2014, amma don an yi shari'ar a jihar da ba ta dace ba, ba don ta wanke aikin ba. Ka kwatanta da ɗan jaridar St. Louis Post-Dispatch wanda a 2021 ya ga lambobin shaida na malaman jihar Missouri ta Amurka a zube cikin rubutun shafin gwamnati. Malamai uku kawai ya tabbatar da nasu, ya sanar da hukuma, ya riƙe labarin har aka toshe. Duk da haka gwamna Mike Parson ya kira shi ɗan kutse, ya nemi a gurfanar da shi. Mai gabatar da ƙara ya ƙi a 2022. Ɗan jaridar ya yi komai bisa ƙa'ida, amma sai da ya sha watanni cikin zullumi.

A ganina, na biyun godiya ya cancanta, neman hukunta shi kuwa borin kunya ne. Yana kuma da illa, domin duk wanda ya ga abin da ya same shi zai ja bakinsa ya yi shiru, kafar ta zauna a buɗe ga ɓarayi, waɗanda su ba sa aiko da wasiƙa. Na farkon kuwa ya taka haƙƙin mutane 114,000 da ba su ji ba, ba su gani ba. Hukuncinsa ya yi tsauri, amma ba zan ce ba shi da laifi ba. Wanda ya ga ƙofar maƙwabci a buɗe da dare sallama yake yi ya faɗa, ba ya shiga ya ɗauko tabarma a matsayin shaida.

A nan gida, sashe na 6 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 5 ko tarar naira miliyan 5 ga shiga kwamfuta ba izini da nufin zamba tare da samun bayanai masu muhimmanci ga tsaron ƙasa, ya kai shekara 7 ko miliyan 7 idan da nufin ɗebo bayanai ne. Beljiyam ta yi wa masu binciken tsaron kwamfuta da kyakkyawar niyya dokar kariya a 2023, Ma'aikatar Shari'ar Amurka ma ta ce a 2022 ba za ta riƙa tuhumarsu ba. Kai kada ka dogara da niyyarka. Mai binciken laifi ba zuciyarka zai duba ba, rajistar sabar zai buɗe, inda aka rubuta adireshin IP ɗinka, wato lambar da na'urarka ke shiga intanet da ita, da lokaci, da yawan takardun da ka buɗe. Takarda ɗaya tana kama da tuntuɓe. Ɗari biyu a jere cikin minti goma ba wanda zai kira su tuntuɓe.

To yanzu ka rubuta rana da sa'ar da abin ya faru, da ainihin abin da ka canza. Idan ka ɗauki hoton allo, ka rufe suna da lambar ɗalibin, kada kuma hoton ya shiga rukunin WhatsApp na 'yan ajinku, domin daga nan kai ne ka yaɗa bayanan mutum. Ka duba ko shafin yana da fayil mai suna security.txt, nan ake ajiye adireshin kai rahoto. In babu, ka rubuta wa shugaban sashen kwamfuta na makarantar, a rubuce, ka riƙe kwafi, kuma zai fi kyau wani malaminka ya san da maganar. Ka bayyana matsalar a layi biyar ko shida, ka faɗi cewa takarda ɗaya ka gani ka tsaya.

Kada maganar kuɗi ta fito daga bakinka, ko da wasa. Da zarar ka haɗa "na ga ɓaraka" da "nawa za ku ba ni", rahotonka ya zama barazana, kuma a nan ne yara masu basira da yawa suke faɗawa. Ka ba su lokaci. Masu binciken Google kan jira kwana 90 kafin su fallasa. Idan an yi biris da kai, akwai ngCERT, cibiyar kai ɗauki kan tsaron kwamfuta ta Najeriya, a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, akwai kuma Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, tunda bayanan ɗalibai ne abin ya shafa.

Idan hannunka na ƙaiƙayin gwaji, akwai shafin koyo mai suna Web Security Academy na kamfanin PortSwigger, kyauta ne, don a fasa shi aka gina shi. A shafukan HackerOne da Bugcrowd kuma kamfanoni da kansu suke rubuta iyakar inda suka yarda a taɓa, su biya lada. Ka karanta iyakar nan sau biyu kafin ka fara.

Ka turo mini daftarin wasiƙar in duba kafin ka aika. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka