Sanarwa: tafiyarmu ta Agadas

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Maganar Agadas ta tabbata. Tunda hutun 18 ga Disamba ya haɗe da ƙarshen mako, za mu tashi daga Damagaram ranar Juma'a bayan sallar asuba, mu dawo Litinin. Tafiyar ta kai kilomita 450 ta Tanut da Adarbisanat, kuma kun san halin hanyar, don haka wanda ya makara sai dai ya ji labari.

Kowa zai ba da jaka 35, kuɗin mota da masauki. A miƙa wa Hajiya ma'aji kafin Laraba, hannu da hannu. Don Allah ban da "zan kawo gobe", bara haka ta sa muka rasa mota.

Asabar za mu shiga tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, mu ga hasumiyar masallacin nan ta laka mai tsawon mita 27. Ni dai abin da ke raina maƙeran azurfa ne. Ka zauna kan tabarma, ana zuga wuta, a narka azurfa a gabanka a fitar da sarƙa. Ku riƙo ƴan kuɗin tsaraba, akwai takalman fata da cuku, amma a yi ciniki a hankali.

Kada a manta katin ɗan ƙasa saboda shingayen hanya, da bargo, sanyin dare can ba wasa. Mai zuwa ya rubuta sunansa yau.

Allah ya kai mu lafiya.
Sakataren rukuni