Tsadar Data: Ba Sai Sun Haɗa Baki Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan tsadar kira da data. Tun da NCC, hukumar kula da harkar sadarwa ta Najeriya, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, maganar da nake ji a majalisarmu ɗaya ce: "Ai haɗa baki suka yi." Ni malamin lissafi ne, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba sa ma buƙatar haɗa bakin.

Akwai fannin lissafi da ke nazarin yadda abokan hamayya ke yanke shawara, kowa na auna motsin ɗan'uwansa kamar 'yan dara. A kansa ne John Nash na Amurka ya samu lambar Nobel a 1994. Kamfanin da ya karya farashin data yau ya san kafin a jima sauran za su bi sahu. Masu sayensa ba su ƙaru ba, riba kuma ta ragu ga kowa. To don me zai fara? Sai kowa ya noƙe, talaka ya ci gaba da biya.

Baƙo, wato sabon kamfani, shi ne ke wargaza irin wannan zama, domin shi kasuwa yake nema. Mu da muka riƙe waya tun 2001 ba mu manta ba: naira 50 minti ɗaya, ko da "kana ina? ga ni nan tafe" kawai ka ce, an yanke maka kuɗin minti cur. Aka ce mana lissafin daƙiƙa bai yiwuwa tukuna. Da Glo ta shigo da shi a 2003, nan da nan kowa ya iya.

Yau fa, wane baƙo zai shigo? A gwanjon lasisin 5G (sabis ɗin intanet mai tsananin sauri) na Disamban 2021, MTN da wani sabon kamfani, Mafab, kowanne dala miliyan 273.6 lasisi kaɗai ya ci masa, ba a kafa ƙarfen sabis ko ɗaya ba. Baitulmali ya samu kuɗi, amma daga aljihun wa za a fanshe su? Ɗiyata sai ta kai sha biyun dare ido biyu tana jiran data mai rahusa don ta sauke darasi, ta tarar duk unguwa ita ma lokacin take jira, sabis na rarrafe.

Roƙona ga NCC, ta sassauta kuɗin lasisi ga sabbin shiga bisa sharaɗin su kai sabis ƙauyuka, ta kuma tsaya tsayin daka manya su ba ƙanana hayar ƙarafunansu a farashin da hukuma ta yanke.

Naka,
Wani malamin lissafi, Zariya