Sanarwa kan harbin zuma kafin ɗibar ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa masu kiwon zuma, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar da yamma za mu buɗe amya. Kafin Alhamis, duk wanda harbin zuma ya taɓa jigata shi ya sanar da mu ta saƙon sirri. Kumburi da ƙaiƙayi a wurin harbin kaɗai ba abin tsoro ba ne. A kankare ƙarin da farce nan take, don yana ci gaba da zuba dafi, sai a ɗora ƙanƙara.

Abin gudu shi ne borin jini a duk jiki, kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, numfashi da kyar, jiri ko amai. Yakan zo cikin mintuna, har ga wanda ya shekara yana shan harbi lafiya. Idan aka ga haka, a soka allurar adrenalin, wato allurar gaggawa ta irin wannan hali, a gefen cinya ta waje, ko ta kan wando: 0.3 miligiram ga babba, 0.15 ga ƙaramin yaro. A kwantar da wanda aka harba, a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ya gagara, ya zauna. Bai farfaɗo ba bayan minti 5, a ƙara ta biyu. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta tsayar da wannan. Ko ya ji sauƙi, sai asibiti.

Mai allura ya duba ranar lalacewarta, ya zo da biyu. Kada kowa ya je amya shi kaɗai.

Allah ya tsare mu baki ɗaya.
Kwamitin rukuni