Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ya Karɓi Kuɗinmu Kan Akori-kura Mai Lantarki

Zuwa ga shugabannin kamfani,

Bayan gaisuwa. Ina cikin waɗanda suka ba ku kafin alƙalami tun makon da kuka yaye ƙyallen motarku, kuka nuna wa duniya ita a kan dandamali. Yau shekara uku ke nan da 'yan watanni. Na aiko da imel ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, na buga waya har na haddace kiɗan da kuke sa wa mai jira, amma amsar guda ce: ana kan aiki, za a tuntuɓe ni nan gaba kaɗan. Shi ya sa na fito fili, kuma na rubuta da Hausa domin akwai 'yan'uwana da suka zuba kuɗinsu a kan maganata, ya kamata su ga abin da na faɗa muku.

Ni ba sha'awa ce ta kai ni ba. Sana'ata yankan ciyawa da gyaran farfajiyar gidaje a birnin Kolombus na jihar Ohayo, in sanyi ya shigo kuma mu koma kwashe dusar ƙanƙara. Kullum akwai tirela a bayan motata, ɗauke da injinan yanka biyu, ga yaran aiki a kujerar baya. Tsohuwar akori-kurata tana shan mai kamar ta haɗiye ni, giyarta ta fara tsalle tun bara waccan. Bakanikena ya ce in rabu da ita tun tana da sauran daraja. Na ƙi, na ce masa sabuwa tana hanya. Sau biyu ke nan ina biyan kuɗin gyaran da ban yi niyya ba.

Har mai gyaran wuta na kira ya ja mini layi mai ƙarfin bolt 240 zuwa gareji, ya kafa akwatin caji a bango. Yana nan. Igiyarsa a naɗe yadda mutumin ya bar ta, ƙura ta rufe ta, 'yar koriyar fitilarsa tana ci dare da rana ba abin da za a jona. Duk asubar da na shiga ɗaukar kayan aiki sai idona ya faɗa kanta, raina ya ɓaci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirunku, domin shi ya buɗe wa jita-jita ƙofa. Wani ya ɗauki hoton mota lulluɓe da leda mai zanen baƙi da fari a kan babbar hanya, a kwana ana gardama ko taku ce. Wani ya tashi ɗan jirgi maras matuƙi a saman masana'antarku, ya dawo yana ƙirga abin da ya hango a fili. Wannan ya ce batir ne ya ƙi, wancan ya ce kuɗi ne suka yanke muku, wani kuma ya rantse cewa wata mai zuwa za a fara rabawa. Magidanta masu iyali mun koma duba a hotuna marasa kyau, muna ƙara girmansu da yatsa ko za mu gane fitilar baya. Ku da kuka san gaskiya kuna kallo. Ran Juma'a bayan an idar da salla, wani dattijo da ya biya saboda ni ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙanena, ina labarin motarmu?" Na rasa abin faɗa. Kuɗinsa ba su kai nauyin kunyar da na ji ba.

Kada ku ce mun cika gaggawa. Mun san ƙera sabuwar mota ba wasa ba ne, kuma mun ga yadda ta kaya da wasu. Tesla ta nuna akori-kurarta mai lantarki Cybertruck a watan Nuwamba na 2019, ta ce za a fara ƙerawa a ƙarshen 2021, mafi araha dala 39,900. Ba a miƙa ta farko ba sai 30 ga Nuwamba, 2023, kuma mafi arahar da aka sanar a ranar ta koma dala 60,990. Rivian ta fara fitar da R1T a Satumban 2021, Ford ta fara ƙera F-150 Lightning a Afrilun 2022. A nan jiharmu kuwa, Lordstown Motors ta karɓi tsohuwar masana'antar General Motors, ta cika gari da zancen motarta Endurance, ta ƙera 'yan kaɗan, a watan Yunin 2023 ta shigar da takardar karyewa a kotu. A Satumban 2025 Stellantis ta ce ta fasa akori-kurar Ram mai lantarki zalla bayan ɗage-ɗage. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wanda ya ga waɗannan, in ya tambaye ku wace hanya kuka dosa, bai yi laifi ba.

Jinkirin nan kuma ya riga ya ci mini kuɗi a zahiri. Da na yi lissafi a farko, na sa rangwamen harajin gwamnatin tarayya na dala 7,500 a ciki, shi ya sa kuɗin suka yi mini daidai. Wannan rangwamen ya ƙare ranar 30 ga Satumba, 2025. Da kun cika alƙawarinku a kan lokaci, da na samu. Yanzu ko gobe kuka kawo motar, wannan ya wuce ni, kuma har yau ba ku ce uffan ba kan ko farashin da kuka faɗa mana yana nan. A watan Maris na 2022 Rivian ta ƙara wa masu jiran layi kuɗi, mutane suka yi ca, cikin kwana biyu ta janye ƙarin ga waɗanda suka riga suka yi rajista, ta ba da haƙuri. Ashe ana iya yin kuskure a gyara. Ina so ku rubuta mana tun yanzu cewa wanda ya biya tun farko, farashin farko zai biya.

Akwai kuma tambayar da na yi ta yi ba amsa. Nisan tafiya a caji ɗaya da kuke tallatawa na mota ce ba kaya, a rana mai daɗi. Duk wanda ya ja tirela da motar lantarki ya san cajin yakan ragu har kusan rabi, sanyi ma yana cin nasa. Ni a watan Janairu nake fita ƙarfe huɗu na asuba, ƙanƙara ta daskare a gilashi, hita a kunne, kaya a baya. Mil nawa za ta kai ni a haka? In kun gwada, ku faɗi abin da kuka samu. In ba ku gwada ba, to motar ba ta kusa fitowa ba, wannan ma ku faɗa.

Buƙatata ba ta da yawa. Ku ba kowannenmu lambarsa a layi da watan da zai karɓi motarsa, a rubuce, da sa hannun wanda za a iya kama sunansa. In akwai matsala, ku kira ta da sunanta, za mu iya ɗauka. In kuma kun fasa, ku mayar wa mutane kuɗinsu ba tare da sun yi ta sintiri ba, ku daina barinmu muna zaman jiran gawon shanu.

Aikin ciyawa yana farawa a Afrilu, tsohuwar motata kuma ba za ta ƙara kai wata kaka ba. Zan jira amsarku zuwa ƙarshen Maris. In ban gan ta ba, zan nemi kuɗina, in je wurin dattijon nan har gida in ba shi haƙuri, in taya shi cike takardar neman nasa.

Naku,
Ɗaya daga cikin masu jiran layi,
Kolombus, Ohayo, Amurka.